Azumi ya wuce: Ina sahun Asuba, ina kwanon maƙwabci?

Duk shekara, da an gama hawan Sallah an kwance wa dawakai sirdi, masallatai kan fara shaida wani canji. Sahun Asuba da ya tumbatsa har waje a goman ƙarshe yakan soma ja da baya tun ranar biyu ga Sallah. Kafin mako ya zagayo, a masallatai da yawa sai liman da ladan da 'yan dattawan da dama can ba sa fashi. Alƙur'anin da aka yi wata guda ana buɗewa yakan koma gafaka, kwanon kunu da ƙosai da ake aika wa maƙwabta da almuru kuma ya daina fita.

Haka abin yake a Kano da Zariya da Maraɗi, haka yake a garuruwan karkara irin su Rurum Sabon Gari, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Rano a kudancin Jihar Kano. A irin wannan gari ma lamarin ya fi fitowa fili, domin kowa ya san kowa. An san wanda ya yi sahun gaba a asham, an san gonarsa, an san mudunsa a kasuwa, an san mai binsa bashi. Don haka tambayar ko azumi ya bar wani abu a zuciyar mutum ba ta da wuyar amsawa: watanni 11 da ke tafe za su nuna.

Abin da aka gina cikin wata guda

Kafin a yi maganar abin da ke rushewa, ya kamata a tuna abin da aka gina. A cikin Ramadan, gari yakan tsara kansa ba tare da wata hukuma ta tilasta masa ba. Matasa su share masallaci, su shimfiɗa tabarmi, su haɗa kuɗin man janareta. Malam ya zauna tafsiri, alaramma na ja masa baƙi, wanda bai samu zuwa ba ya kunna rediyo. Mata su tashi tsakar dare saboda sahur, su yini a bakin murhu, kuma su ware na sadaka. Masu gaba da juna su ji kunyar shiga goman ƙarshe ba su yi sallama ba. Mai shaye-shaye ya rage, mai zagi ya kama bakinsa.

Duk wannan hujja ce a kan jama'a cewa suna iyawa. Wanda ya tashi sahur kwana 29 ko 30 a jere ya nuna cewa tashin Asuba bai fi ƙarfinsa ba. Wanda ya yini bai kurɓi ruwa ba a zafin bazara, alhali randa na kusa da shi kuma babu mai ganinsa, ya nuna cewa yana iya barin haram don tsoron Allah kawai. Ayar da ta wajabta azumi a cikin Suratul Baƙara ta bayyana cewa manufarsa ita ce samun taƙawa, taƙawa kuwa ba ta da wata.

A aya ta 92 ta Suratun Nahli, an buga misali da macen da ta kaɗa zarenta har ya yi ƙarfi, sannan ta koma ta warware shi. Ayar tana magana ne a kan karya alƙawari, amma malamai sun daɗe suna jan hankali da ita bayan Sallah. Bahaushen da ya taso ya ga kakarsa da mazari da alli ya san wahalar kaɗi, ya kuma san cewa warwarewa ba ta ɗaukar lokaci.

Sai dai a yi adalci. Ba laifi ba ne ibada ta ragu bayan Ramadan. Wata ne na musamman, ladarsa ta musamman ce, kuma babu wanda aka ɗora wa yin asham da tahajjudi shekara zungur. Manomin da zai yi sammako zuwa gona a tsakiyar damina ba zai iya kwana a tsaye ba. Raguwar nafila abu ne da aka sani. Inda gizo ke saƙar shi ne a saki farilla, a koma cin haƙƙin mutane, a rufe hannu ruf, kamar Ubangijin da aka bauta wa a watan azumi ya tafi tare da watan.

Yunwa ba ta duba kalandar Musulunci

A Najeriya an yi ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu a 2023, ranar 10 ga Afrilu a 2024, sannan ranar 30 ga Maris a 2025. Shekarar wata tana gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, don haka azumi yana ta matsowa daga bazara zuwa hunturu. Wannan lissafi yana da ma'ana babba ga garin manoma.

A waɗannan shekaru, Ramadan yana zuwa ne 'yan watanni bayan kaka, lokacin da rumbuna da yawa ke da sauran dawa da masara. A lokacin ne gwamnati ke buɗe cibiyoyin ciyarwa, 'yan siyasa ke rabon shinkafa da gero da sukari, attajirai ke fitar da zakka, 'yan gari mazauna birni ke aiko da saƙo gida. Alheri yakan haɗu a wata ɗaya.

Amma duk manomi ya san lokacin da talaka ya fi jin jiki. Shi ne Yuli da Agusta, lokacin marka, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, kuɗin hannu kuma sun tafi ga taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago. A lokacin ne magidanci ke barin gonarsa ya je noma ta wani don ya samo abin da za a ɗora a tukunya. A lokacin ne sauro ke yawa, zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, a rasa kuɗin magani. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, wadda kwanuka suka yi wa yawa a watan azumi, a wannan lokaci ba kowa ke tuna ƙofar gidanta ba.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na taki da na sarrafa injin ban-ruwa sun ƙara wa mutanen karkara nauyi. Saboda haka dagewa a kan alheri bayan Ramadan ya wuce batun lada ga mai bayarwa shi kaɗai. Akwai gidajen da cinsu da rashin cinsu a watan Agusta ya rataya a kan ko maƙwabcinsu ya ci gaba da halinsa na watan azumi.

Gyaran bai fi ƙarfin gari ba. Kwamitin masallacin da ya iya tara kuɗin buɗa-baki zai iya ware wani kaso ya sayi hatsi da kaka, lokacin da yake da sauƙi, a ajiye a wurin amintacce, a raba da marka. Limamai da masu unguwanni sun san gidajen da ke da buƙata fiye da kowace takardar gwamnati. Mai hali da ya saba rabon buhu goma a Ramadan, in ya raba bakwai ya ajiye uku zuwa tsakiyar damina, ukun nan za su iya fin bakwai ɗin amfani.

Gona da kasuwa ne filin jarrabawa

Rurum tana maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Ruwan Tiga ne ke shayar da filayen noman rani na Kadawa, a yankunan Kura da Bunkure da Garun Malam. Mutanen wannan shiyya sun san noman damina, sun san na rani, kuma shari'a ta bambanta hukuncin zakkar kowanne.

Hatsin da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da kashi ɗaya cikin 10. Wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar a ja ruwa da inji, kashi ɗaya cikin 20 ne. Nisabi shi ne wusuƙi 5, wato sa'i 300, daidai da mudun Annabi 1,200, abin da wasu malaman zamani suka ƙiyasta da kimanin kilo 650. Zakkar hatsi kuma ba ta jiran shekara ta zagayo, ba ta jiran Ramadan. Lokacinta shi ne girbi. Manomin da ya samu buhu 40 na masarar damina, buhu 4 ba nasa ba ne.

Da yawa sun ɗauka in sun fitar da zakkar kono kafin sallar Idi, wato sa'i ɗaya a kan kowane mutum na gida, sun gama da zakka sai baɗi. Zakkar kono daban, ta amfanin gona daban, ta dabbobi da ta kuɗi ma daban. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma ko da hukuma ko babu, wajibin yana wuyan mai gona. Da a ce kowane manomin da ya kai nisabi a Rano da Kibiya yana fitar da haƙƙin Allah ranar sussuka, da yunwar marka ta yi sauƙi ƙwarai a waɗannan garuruwa.

Sai kasuwa. Akwai sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifina, da ta buɗe da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye awo, kuma ana karanta ta a kowane masallaci a daren da ake dab da sauka. Wanda ya saurare ta yana hawaye, sannan bayan Sallah ya koma auna wa mutane da kwanon da aka bubbuge gindinsa, ko ya yi algus, ya zuba mai kyau a saman buhu ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, ya warware zarensa da hannunsa.

Haka batun ɓoye abinci don a jira tsada. A watan Fabrairun 2024, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. Hukuma tana iya rufe sito a birni, amma ba za ta iya leƙa kowane ɗaki a ƙauye ba. Tanadi don iyali halas ne, saye da sayarwa don riba ma halas ne. Abin da hadisi ya yi tir da shi shi ne a danne abinci da gangan alhali jama'a na cikin matsi, don farashi ya tashi. Wannan kuwa babu mai hana shi sai irin tsoron da ya hana mutum shan ruwa a ɓoye da rana tsaka.

Akwai kuma bashi. Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, kuma a gidaje da yawa kuɗin ɗinki da takalman yara ne ke fara cin jarin damina. Daga nan ƙaramin manomi ya je neman rancen taki, mai kuɗi ya gindaya masa sharaɗin da zai cinye rabin wahalarsa da kaka. Mai bayarwa ya duba ko abin da yake yi ciniki ne ko riba ce aka sauya wa suna, ya tambayi malamai kafin ya ƙulla. Mai karɓa kuma ya sani cewa jan ƙafa wajen biya alhali yana da hali zalunci ne.

Da faɗuwar ruwan farko kuma rigimar iyakar gona ke tashi, da ta cin burtali, da ta ɓarnar dabbobi tsakanin manoma da makiyaya. Mutanen da suka haɗa kafaɗa a filin Idi su ne za su haɗu a gaban dagaci. Haƙurin da aka koya da yunwa a nan ake buƙatarsa.

Wayar da ke hannu

Matashin da ke karanta wannan a wayarsa ya san yadda wayar ta kasance a watan azumi. Tafsiri ne a WhatsApp, karatun Alƙur'ani a YouTube, addu'o'i a kowane shafi. Ya kuma san abin da ta koma daren Sallah. Waya ba ta sauya ba, mai riƙe da ita ne ya sauya abin da yake nema.

Babban abin da ke kashe sallar Asuba a yau shi ne daren da ake rabawa a TikTok da Facebook, ko a gidan kallon ƙwallo, ko a majalisar mai shayi. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu ba zai ji ladan ba, ko da lasifika a kan katangarsa take. Ga cacar ƙwallo da ta shigo ta cikin waya, ga yaɗa labarin da ba a tabbatar ba, ga zagin malamai da sunan kare aƙida. Harshen da aka tsare a Ramadan ya haɗa da yatsan da ke rubutu.

Ga wanda ya samu ya yi wata guda bai taɓa ƙwaya ko maganin tari ba, makon Sallah ne mafi haɗari, domin abokan da ya ƙaurace wa suna nan suna jira. Iyaye da yayye su gane cewa yaron da ya daure kwana 30 ya riga ya yi rabin tafiya. Yana buƙatar sana'a, da abokai na gari, da wanda zai ja shi a jiki. Gori da kyara kan mayar da shi inda ya fito.

Abin da mutum zai iya riƙewa

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ya koyar da cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Hausawa ma sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Mai son ɗorewa sai ya zaɓi abin da zai iya ɗauka har a ranar da ya dawo daga gona a gajiye.

Na farko su ne salloli biyar a kan lokaci, musamman Asuba da Isha'i cikin jam'i. Sai shafa'i da wuturi kafin a kwanta, wanda shi ne ragowar tsayuwar dare da kowa zai iya. Sai Alƙur'ani: mai karanta izu biyu kullum zai sauke duk wata, mai izu ɗaya duk wata biyu, wanda kuma bai iya ba sai ya koma gaban malam, domin girma ba ya hana ɗaukar allo.

Sai azumin Sitta Shawwal. Muslim ya ruwaito daga Abu Ayyubal Ansari cewa wanda ya bi Ramadan da kwana 6 na Shawwal kamar ya azumci shekara ne. Malamai sun yi lissafin da cewa kowane kyakkyawan aiki ana ninka shi 10: kwana 30 sun zama 300, kwana 6 sun zama 60. An san Imamu Malik ya nuna rashin son a riƙa yinsa, saboda tsoron kada jahilai su ɗauka wani ɓangare ne na Ramadan, amma malaman mazhabarsa na baya sun bayyana cewa in babu wannan fargaba babu laifi. Ana iya yinsa a jere ko a rarrabe cikin watan, don haka ba abin jayayya ba ne a majalisa.

Wanda ya sha azumi saboda rashin lafiya ko tafiya, da matan da ake bi ramuwa, su tuna cewa ramuwa bashi ce. Kada a bari sai Sha'aban ya zo a shiga rige-rige. Mazaje kuma su taimaka: matar da ta yini a gaban murhu wata guda tana da haƙƙin a sauƙaƙa mata aiki in za ta rama, a kuma bar ta ta je Islamiyya.

Shekara ba ta bar Musulmi haka nan ba. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kusan kwana 70 ne kacal, a ciki akwai goman farko na Zulhajji da azumin Arfa. Bayansu ga Tasu'a da Ashura a watan cika-ciki. Ga Litinin da Alhamis, ga kwana uku na kowane wata, ga Juma'a duk mako. Matafiyi yana da zango a kowane mataki.

Nauyin da ke kan malamai da shugabanni

Ba daidai ba ne a ɗora wa talakawa laifin duka. A masallatai da yawa, ana rufe tafsiri karatu ya tsaya cak sai wata shekara. In malam ya naɗe buzunsa, ɗalibi ba shi da wurin zuwa. Tsohon tsarin karatun zaure bai san hutun wata 11 ba: ana bin Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a hankali, tsakanin Magariba da Isha'i ko bayan Asuba, shekara da shekaru. Ahalarin da yara ke fara karantawa ma da batun gyara imani da tuba da mayar da haƙƙin mutane ya buɗe. Kowane masallacin unguwa a Rurum da Rano da Kibiya zai iya raya darasi ɗaya a mako, kuma a daidaita shi da lokaci: hukuncin bashi da iyakar gona kafin shuka, hukuncin zakka kafin girbi.

Masu riƙe da muƙamai, daga kansila zuwa ɗan majalisar da ke wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya, su ma azumi ya bar musu tambaya. Rabon kayan azumi abu ne mai kyau, amma amanar da suka ɗauka ta shekara ce. Takin da ya iso a kan lokaci, da maganin da ke asibitin gari a watan Agusta, da malamin da ke shiga aji, su ne ci gaban wannan ciyarwa. Ma'aikacin da ya yi i'itikafi sannan ya koma makara a ofis ko karɓar na goro bai fahimci abin da ya shiga yi a masallaci ba.

Magabata sun kasance suna cewa alamar karɓar aiki ita ce a ga wani aikin alheri ya biyo bayansa. Babu wanda ya san ko an karɓi azuminsa, kuma babu wanda ke da tabbacin ganin na baɗi. A kowace unguwa akwai wanda aka yi asham da shi bara, bana yana kabari. Abin da ke hannun mai rai shi ne Asubar gobe, da mudun da zai auna da shi a kasuwa, da gidan marayun da ke bayan katangarsa idan marka ta kankama. Allah Ya karɓi ibadar da aka yi, Ya ba da ikon ɗorewa, Ya kawo damina mai albarka.